Hajjin da Aka Biya wa Pak Long Dahalan

A garinmu Taiping ba ma tambayar ko za a yi ruwa yau, sai dai mu tambayi ƙarfe nawa zai sauko. Da hantsi kowa ya shanya abin da zai shanya, azahar na wucewa hadari ya gangaro daga dutsen Larut, a ruga a kwashe. Saboda haka mai yin rufi ba ƙaramin mutum ba ne a wurinmu, kuma a zamanin da nake ba da labari babu wanda ake kiran sunansa kamar Dahalan bin Mat Saad. Shi ne ɗan fari a gidansu, don haka yara da manya Pak Long suke ce masa, wato babban baba.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar bayan kada saboda siminti. A ma'aikatar haƙar kuza ya fara neman abinci. Da aka rufe ta sai ya bi wani tsohon Basine mai suna Khor, wanda yake yi wa shaguna rufi. Lokacin ne tayil na siminti ya fara shigowa gari, mutane suna cire rufin ganye da na kwano suna sa shi, don ba ya tsatsa, kuma in ana ruwa kana iya jin maganar matarka. A wurin Khor ya koyi abin da ya riƙe har ya mutu: kowane tayil sai ya hau kan na ƙasansa da inci huɗu cif. Takardar masu buga tayil inci uku ta ce, amma ruwanmu da iska yake zuwa, ta tura shi sama ta ƙarƙashin tayil, in hawan bai kai ba ya tsallaka ya zubo cikin ɗaki.

Yana da sandar awo ta icen cengal mai ƙwari, wadda ya yi wa tsage-tsage da wuƙa, da ita yake auna tazarar katakon da tayil ke zama a kai. Masu gida kan yi masa ƙorafi, don awonsa yana cin tayil.

"Pak Long, takarda fa inci uku ta ce."

"Wanda ya rubuta takardar a Kuala Lumpur yake zaune. Ka gayyato shi ya yi mana sati ɗaya a Nuwamba, ni zan ara masa bokiti."

Ni sunana Normah, tela ce, mijina Ghazali mai raba wasiƙu ne. Shekara goma sha ɗaya muna haya a layi ɗaya da Pak Long, ni nake yi wa matarsa Mak Long Sapiah ɗinkin sallah. Abin da ban gani da idona ba a labarin nan, daga bakinta na ji shi.

Pak Long yana da ƙane guda, Shamsuri, wanda ya girme wa da shekara goma sha shida. Yaron yana shekara huɗu ubansu ya rasu, Dahalan ne ya riƙe shi. Bai taɓa barinsa ya hau tsani ba. Cewa yake yi mutum ɗaya ya isa ya ƙone a rana a gida guda, shi Suri biro zai riƙe. Haka kuwa aka yi. Shamsuri ya yi karatu, ya yi aiki a ofis na wasu shekaru, sannan ya dawo ya buɗe kamfanin kwangila, aka rubuta a allo: Dahalan da Ƙaninsa. Shi ke takardu da zuwa wurin manya, yayan yana saman gini. Mutum ne mai fara'a da iya magana, bai taɓa wuce ni bai tsaya ya gaishe ni ba. Tsohuwarsu ma a gidansa take zaune, don ya fi na Dahalan sarari.

A shekarar 1991 suka sami aikin da ya fi duk wanda suka taɓa yi, sabuwar unguwa a gefen Kamunting, gidaje jere masu bene ɗaya. Mu dai Gida Arba'in muke ce mata. Ni da Ghazali muka kama mai lamba goma sha huɗu tun yana fili. Abin da ya sa muka yarda, sunan da ke kan allon ne. Ghazali ya ce, "Ko bangon ya rushe, rufin zai tsaya a sama shi kaɗai."

Kafin azumin shekarar da ta biyo, gini ya kusa kai rufi, Shamsuri ya tara iyali a gidansa aka ci abinci. Bayan an wanke hannu ya ɗauko ambulan ya ajiye a gaban yayansa.

"Abang, buɗe," ya ce. Haka muke kiran yaya namiji.

Kujerar Makka ce guda biyu, tasa da ta Sapiah. Mak Long ta ce mini tunda ta auri mutumin nan ba ta taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Ya rungume ƙanin nasa. Da ya dawo hayyacinsa abin da ya fara tambaya shi ne, "To rufin Gida Arba'in fa?"

"Ba mai taɓa tayil ko ɗaya sai ka dawo, Abang. Katakon ma bai iso ba. Ka je ka yi mana addu'a, ka bar tunanin siminti."

Ni na ɗinka wa Mak Long fararen kayan sallarta na tafiya. Muka raka su da kabbara har bakin mota, a watan Mayu.

Kwana arba'in da huɗu suka yi. Ranar da suka dawo, motar da ta ɗauko su ta biyo ta Kamunting, Pak Long yana sanye da farar hula yana ba direba labarin Arfa, sai ya waiga ya hangi jajayen rufi jere reras, guda arba'in, an gama su tas. Ya ce a tsaya. Ya fito ya tsaya a bakin titi yana nuni da yatsa yana motsa baki. Ƙirga layin tayil yake yi daga bakin rufi zuwa tsororuwa. Da awonsa layi goma sha bakwai ya kamata a samu. Ya ƙirga sau uku, goma sha biyar ne.

A gida mutane sun cika ana jiran dabino da zamzam. Ya gaisa da kowa, ya bar su da Sapiah, ya tafi ofishin ƙaninsa da ƙafa.

"Suri, layi nawa ne a rufin can?"

"Sannu da zuwa, Haji. Ko ruwa ba ka sha ba."

"Layi nawa?"

"Abang, masu ba da aiki ne suka matsa mini lamba. Injiniya ya duba ya sa hannu."

"Injiniyan a ciki zai zauna? Wannan ko inci uku bai kai ba. Ina sauran tayil ɗin da aka kawo? Ni na sauke su da hannuna."

Shamsuri ya sunkuyar da kai yana juya biro.

"A kwance shi," in ji Pak Long. "Tun daga lamba ɗaya. Gobe zan fara."

"Gida arba'in? An buga silin, an yi fenti, an ja waya. In aka kwance ni na mutu, kamfani ya mutu."

"To ya mutu."

Nan ne ƙanin ya ɗago kai. "Abang, kai fa ba yaro ba ne. Kana tsammanin kujera biyu daga sama suka faɗo?"

Mak Long ta ce da ya dawo gida ya wuce baƙi bai gan su ba, ya shiga ɗaki ya zauna a bakin gado da takalmi a ƙafarsa. Washegari tsohuwarsu ta aiko a kira shi. Ta haura tamanin, ba ta gani sosai. Ta kama hannunsa ta ce Suri ya gaya mata an ɗan sami saɓani a kan aiki, tana roƙonsa kada ya tona wa ɗan'uwansa asiri tana raye, kada ya sa a kai shi kotu 'ya'yansa suna ƙanana. Ya ce to. Bai sake zuwa ofis ba, amma bai gaya wa kowa komai ba. Daga baya da bakinsa ya ce mini wannan shirun shi ne laifinsa, kuma bai taɓa neman a ɗauke masa shi ba.

Muka tare a watan Satumba. Sati shidan farko lafiya lau, sai ɗan tabo a kusurwar silin, Ghazali ya ce sabon gida ne yana zufa. Da ruwan Nuwamba ya kankama, wata ranar Talata bayan la'asar iska ta taso daga dutse da ruwa a kwance. Ina kicin ina soya ayaba na ji ƙara kamar an jefar da tire. Silin ɗin ɗakin ɗinkina ne ya jiƙe ya rufto a kan keken, ruwa baƙi ƙirin yana kwarara. A kan teburin akwai zanen amarya mai zaren zinari na wata 'yar Kuala Kangsar, kayan gado tun na kakarta, saura kwana tara biki. Na fito waje da ihu, sai na tarar duk layin kowa yana waje da bokiti. Gida lamba tara jaririya ce silin ya kusa faɗa wa. Lamba ashirin da biyu wuta ce ta kama a waya.

Ranar Asabar aka kira taro a barandar masallacin unguwa. Shamsuri ya zo da riga mai guga da jakar takardu, ya gaishe da kowa da sunansa. Pak Long ya zo a kan kekensa, ya zauna can gefe.

Shamsuri ya miƙe ya ce ransa ya ɓaci fiye da na kowa. Ya ce kowa ya sani shi mutumin takarda ne, bai san kan rufi ba, sha'anin rufi na yayansa ne tun fil azal.

Wani ya ce, "Ai Pak Long yana Makka aka yi rufin."

"Haka ne, Encik," in ji Shamsuri, wato malam a wurinmu. "Shi ya sa kafin ya tafi ya bar wa leburori awo, ya ce su bi shi sau da ƙafa." Ya sunkuya ya zaro sanda daga bayan jakarsa, baƙa mai tsage-tsage, an ƙona sunan Dahalan a jikinta. "Ga ta nan. Ban so na kawo ta ba, wallahi. Yayana ne, shi ya raine ni. Amma shekaru sun ja, ido ba kamar da ba. Kuskure ne, ba mugunta ba."

Aka miƙa wa Pak Long sandar. Ya juya ta, ya shafa tsagar da babban yatsansa, ya ɗan shinshina.

"Wannan ba sandata ba ce," ya ce. "Wannan icen meranti ne mara ƙwari aka shafa wa baƙin mai. Tawa tana rataye a gida."

Shamsuri ya girgiza kai a hankali, kamar mai tausayi. "Abang, ko wata shida ba ka yi da dawowa daga ɗakin Allah ba. Kada ka yi haka a gaban masallaci."

Pak Long ya dubi ƙaninsa, ya daɗe yana dubansa. Ya buɗe baki ya rufe. Ni kuwa na ɗauki wannan shirun a matsayin amsa laifi. Na taso da zanen amaryar a hannu, duk ya yi dabbare-dabbare, na jefa masa a ƙafa.

"Haji, ga aikinka. Ka kai wa uwar yarinyar da kanka, ka gaya mata inci nawa ne."

Wasu suka yi dariya, wasu suka fara zagi. Ya sunkuya ya ɗauki zanen, ya kakkaɓe, ya naɗe shi da kyau ya ajiye a kan benci, ya hau kekensa cikin ruwa ya tafi.

Shamsuri ya yi alkawarin gyara. Ya turo mutane suka liƙa siminti a bakin tayil, suka canza silin, rufin ya riƙe sati uku ya sake zuba. Kafin sabuwar shekara an cire allon kamfani, Shamsuri ya kwashe iyalinsa da tsohuwar ya koma birnin Ipoh, ya buɗe wani da sabon suna. Pak Long kuwa aiki ya ɗauke masa ƙaf. Mutanen da ya yi wa rufi shekara ashirin bai taɓa ɗiga ba suka fara cewa wai dama sun lura hannunsa yana rawa. Mak Long ta koma sayar da shinkafar kwakwa da safe a bakin tasha.

A watan Fabrairu, lokacin da ruwa ke ɗan sarara mana, na buɗe ƙofa da safe na ga Pak Long tsaye da tsani a kafaɗa. Ba farar hula a kansa, sai tsohuwar malafarsa ta aiki.

"Cik Normah, na je gida shida sun kore ni. In kin yarda zan kwance naki in sake. Ba na son ladan aiki. Tayil layi biyu kawai za ku saya, da leda."

Na so in rufe ƙofa. Amma bokiti bakwai ne a gidana, na gaji da kwashe su. Na ce, "In ka ƙara lalata shi, 'yan sanda zan kira."

"Kin yi daidai."

Kullum yana zuwa da asuba ta yi haske, ya kwance yanki guda, ya cire katako ya sake bugawa da awon sandarsa, ya jera tayil, kafin hadari ya taso ya rufe. A rana ta biyu ya leƙo ya ce, "Cik Normah, kina iya hawa tsani?" Na ɗaure zane na hau. Ya nuna mini inda ya buɗe. Daga tayil sai silin, ba komai a tsakani.

"Leda ake shimfiɗawa a nan ƙarƙashin katako, ko ruwa ya tsallake ta tare shi. Naɗi tamanin na karɓa na sa a sito kafin in tafi. Ita ma sandata ce ta hana a shimfiɗa?"

Na sake leƙa wurin. Sannan na sauko.

Rana ta uku aka kawo tayil ɗin da muka saya. Direban motar wani Batamile ne, Muniandy, ya daɗe yana jigilar kayan gini. Ina ba shi kofi ya dubi layin gidajen ya yi dariya, ya kira ni Kak, wato yaya mace.

"Kak, abin duniya. Na kawo tayil unguwar nan, na kwashe, yau ga shi na sake kawowa."

"Ka kwashe zuwa ina?"

"Ipoh mana. Lodi shida, da ledar duka. Encik Shamsuri yana tsaye yana cewa mu yi sauri. Sati ɗaya da tafiyar Pak Long ke nan."

Na ajiye butar kofi na fita tsakar gida. Pak Long yana sama yana buga ƙusa. Na kira shi, da ya leƙo na rasa ta inda zan fara, sai kuka. Ya ce, "Miƙo mini ƙusa in kin gama, hadari na tahowa."

Na bi gida gida ina ba da labarin. Muniandy ma ya maimaita a shagon kofi ga duk wanda ya tambaye shi. Wasu suka yarda, wasu suka ce ai 'yan'uwa ne, bakinsu ɗaya, sun raba ne suka yi wasan kwaikwayo, in ba haka ba da me ya je Makka? Wannan maganar ta kai kunnensa, kuma ita ta fi cin ransa, don rabinta gaskiya ne. Ya je wurin liman ya tambaya ko hajjinsa ya yi. Liman ya ce masa tunda bai san asalin kuɗin ba lokacin da ya tafi, babu laifi a kansa, karɓa kuma na Allah ne. Bai gamsu ba. Duk wanda ya ce masa Haji sai ya ce, "Dahalan dai." Mak Long ta ce dabinon da suka kawo ma bai sake kai ko ɗaya baki ba.

Gida goma sha tara ya sake wa rufi a cikin shekara huɗu, shi kaɗai, sai in mai gida ya kama masa. Sannan gwiwoyinsa suka ƙi tsani. Sauran gidajen wasu sun kira wasu masu aiki, wasu sun ɗora kwano, wasu sun sayar sun bar unguwar. Nawa tun daga ranar bai ɗiga ba.

Tsohuwarsu ta rasu a Ipoh, ya je jana'iza a motar haya ya dawo a ranar. Shamsuri kuwa ya bunƙasa, har hotonsa ake gani a jarida yana yanka kintinkiri. Bai tako Taiping ba sai bayan shekara goma sha uku, ranar ƙaramar sallah, da ya ji yayansa yana kwance da ciwon ƙirji. Ina gidan na kai musu abinci ya shigo, ya yi ƙiba, da kwandon 'ya'yan itace a hannu. Ya durƙusa ya kama hannun Pak Long zai sumbata.

"Abang, yau ranar yafiya ce. Mu yafi juna, na fili da na ɓoye."

Pak Long bai janye hannun ba. Ya ce, "Tsohuwarmu ta rasu, Suri. 'Ya'yanka sun girma. Ba mai kai ka kotu yanzu. Masallacin yana nan inda ka bar shi. Ka je bayan la'asar ka gaya musu sandar wa ce. Ka dawo in yafe maka har da abin da ba ka roƙa ba."

Shamsuri ya yi murmushi ya dube ni, ya dubi Mak Long. "Abang, har yanzu kana kan wannan tsohuwar magana? Wa ma yake tunawa?"

"Ni."

Ya ɗan zauna, ya sha rabin kofin shayi, ya ce akwai cunkoso a hanya gara ya kama gabansa tun da wuri. Daga taga na ga motarsa ta juya ta nufi babban titi, ba ta bi ta Kamunting inda masallacin yake ba.

Pak Long ya rasu bayan wata biyar. Mutanen gida goma sha taran nan duk sun zo, har da waɗanda suka bar gari. Shamsuri ya aiko da ɗansa.

Kwanan baya ina kasuwa ina sayen kifi, ledar da aka zuba mini ta fara ɗiga. Mai kifin, wanda ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da aka gina Gida Arba'in, ya nuna ni ya ce wa matarsa, "Canza wa Mak Cik leda, wannan ai rufin Dahalan ce." Na tambaye shi ko ya san wane ne Dahalan. Ya ce a'a, haka dai ake faɗa in abu yana yoyo. Na ajiye kwandona na ce ya saurara. Ya saurara kaɗan, sai masu saye suka taru a bayana, ya ce in yi haƙuri in ɗan matsa gefe.